Sunan Auta a Takardar Ɓeraye

Ban iya karatu ba, amma sunan Autata na san shi. Shekara goma sha biyu ina ɗinka shi da jan zare a wuyan rigunanta na makaranta, ina kwaikwaya daga wata 'yar takarda da malaminta ya rubuta mini. Shi ya sa da Doguwa, abokiyar aikinta, ta kawo mini mujallar da aka buga bincikensu, na bi sunayen da ke sama da yatsa. Shida ne. Babu nata.

Shekara biyar yarinyar nan ta yi a ɗakin ɓeraye. Farare ne, cikin akwatunan roba, har da na'urar sanyi. Nakan tsokane ta in ce, "Ni ina binsu da tsintsiya, ke kina renonsu." Sai ta ce, "Inna, ai sana'armu ɗaya, faci, ke dai naki na tufafi ne." Wai a jikin kowane mai rai akwai saƙonni da ake kwafa, a yanke, a sake haɗawa, kuma akwai wata ƙwayar gado da aikinta shi ne a ɗinke bakin da aka yanke. Wannan ƙwayar Auta take bi a jikin ɓera. Tana cikin rubuta abin da ta gano ciwo ya kwantar da ita. Wata biyu ta yi.

Na ɗauki mujallar na tafi ofishin Farfesa, shugabansu. Sakatariya ta ce yana taro. Na ce ba inda zan je. Awa uku ina kan benci kafin ya fito.

"Mama, ya ƙarin haƙuri? Shigo ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina sunan 'yata?"

Ya karɓi mujallar ya juya can ƙarshe, ya nuna mini wani rubutu kamar ƙafar tururuwa. Sunanta ne kuwa. "Ga shi nan, mun yi mata godiya."

"Godiya? Ruwan sha ta kawo muku?"

Ya cire tabarau ya ce dokar masu mujallar ce, duk wanda sunansa zai hau sama sai ya sa hannu cewa ya yarda. "Ita kuwa..."

"Ƙarasa mana. Ta mutu. Ni na rufe mata ido, ba kai za ka ɓoye mini ba. Na tambaya kafin in zo, an ce in mutum ya rasu nasa na iya sa hannu a madadinsa. Ka aiko an neme ni?"

Ya ce wasu masu bincike ne ke neman riga su bugawa, dole suka yi sauri.

"Da ka jira ni, kwana nawa za ka yi asara?"

"Kamar mako biyu."

Na ɗora babban yatsana a kan teburinsa. "Ga hannun. Kawo takardar."

Sakatariya ta yi ta buɗe durowa kafin ta samo tawadar hatimi, ta bushe, sai da ta ɗiga mata ruwa. Na dangwala inda aka nuna mini. Farfesa ya ce za su tura, nan da wasu watanni a buga gyara, layi ɗaya, a wata fitowar.

"Wannan da ke hannuna fa?"

"Wannan ta riga ta fita duniya, Mama."

Doguwa ta raka ni. Muka wuce ta gaban ɗakin ɓerayen, ta gilashi na hango wata a kan kujerar Auta tana rubutu a jikin akwati. Ban tsaya ba.

A mota ina ta shirya yadda zan ba da labarin, da yadda ya cire tabarau, da yadda muryarsa ta yi ƙasa. Sai da na sauka a bakin layinmu na tambayi kaina wa zan ba.