Saifar Yaya Hudu

Kwana biyu Yaya Hudu ya yi yana zazzaɓi kafin Inna ta aika a kira Baba Makau wanzami. Da hantsi ya zo da zabirarsa, ya tsuguna gefen tabarma a inuwar darbejiya. Ni ina bakin ɗaki riƙe da littafi, ina satar kallo.

Baba Makau ya san cikin Yaya Hudu tun yana yaro. Saifarsa babba ce, kullum a kumbure, har a kan taɓa ta ƙarƙashin haƙarƙarin hagu kamar ɗanyen mangwaro. Tsagar da ya yi masa a wajen tana nan har yau.

Ya ɗaga masa riga, ya danna. Ya sake dannawa. Ya gyara zama, ya sa hannu biyu.

"Innar Hudu," ya ce, "ina saifar yaron ga?"

Inna ta yi dariya. "Ka ji Makau! Kasuwa ta tahi?"

"Ba wasa nika yi ba. Shekara ashirin ina taɓa ta. Babu ta."

Ludayin da ke hannun Inna ya faɗi cikin ƙasa. Yaya Hudu ya juya fuskarsa bango.

Bara rami ya rufta masa a wajen haƙar zinariya nan Bagega, aka yi masa aiki a asibiti. Da ya dawo cewa ya yi ɗinki aka yi masa a ciki, shi ke nan. Ya ba Inna wata takarda ta adana, ita kuma ta sa ta cikin kwalla, ƙasan zannuwanta. Ban taɓa tambaya ba. Ni ba mai tambaya ba ce, ko a aji sai na rubuta tambayata a tafin hannu sannan in kasa ɗaga shi.

Na shiga na ɗauko takardar. Layi na farko ya ce an cire saifa gaba ɗaya. Na biyu an ja masa layi da jan biro: duk ranar da ya ji zazzaɓi, a kawo shi asibiti a ranar.

Na sake karanta layin. Kwana biyu!

"Sahura, mi ta ce?" in ji Inna.

Na karanta musu.

"Saifa dai?" Yaya Hudu ya ce da ƙyar. "Wadda mahauta ka ba mage? 'Yar boko, koma ɗaki."

Da wata rana ce da na koma. Amma littafin da ke hannuna na ɗiyar kawuna ne mai karatun aikin lafiya, kuma babin saifa na karanta shi sau uku saboda hotonsa ya ba ni sha'awa.

"Yaya, jini duka ta cikinta yake bi," na ce. "Akwai wasu ƙwayoyi a bakinta, makarofej, aikinsu haɗiye cuta. In sun kama ta, sai su miƙa guntunta ga wasu masu rassa kamar saiwa. Su kuma su kai wa ƙwayoyin da ake ce ma T, su nuna musu, ga kamannin abin. Sai an nuna musu suke tashi faɗa."

"Kamar yadda muka yi da dutsen zinariya," in ji Baba Makau a hankali. "Mai haƙa ya ba mai niƙa, mai niƙa ya ba mai wanki."

"Haka, Baba. To wurin da suke haɗuwa don tsaron jini shi anka cire. Cutar da wani zai kwana bakwai da ita, shi tana iya kai shi ƙasa kwana guda."

Inna ta dafa ƙirji. "Innalillahi. Hudu, ka sani?"

Ya juyo da fuskarsa wajen Inna.

"Likita ya gaya min," ya ce. "In abokan aiki sunka ji an rage min wani abu, wa ka yarda in shiga rami da shi? Cewa za su yi ni ba cikakke ba na."

"Ja'iri!" Inna ta ce, tana kuka tana gyara masa riga. "Ni ina dafa maka sabara, ashe kai ka san abin da ka sani!"

Baba Makau ya mai da ƙahonsa cikin zabira, bai ko jiƙa shi ba. "Wanga ba aikina ba na. A nemo babur."

Maƙwabcinmu Ishaq ya tuƙa, Yaya a tsakiya, ni a baya ina tallafe da shi, takardar a cikin hijabina. Zafin bayansa yana ratsa ni har asibitin Anka. Sau biyu kansa ya langaɓe, sau biyu na kira sunansa da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Ma'aikaciyar da ta karɓi takardar ta duba ta, ta dube shi, ba ta ce mu bi layi ba. Kafin azahar an ɗaura masa ruwa, an yi masa allura biyu.

A rana ta huɗu ya tashi zaune, ya sha kunu.

"Yanzu duk Bagega ta ji ko?" ya ce.

"Baba Makau ne fa, Yaya, ba ya riƙe magana."

Ya rufe ido. Can ya miƙo hannu. "Kawo littahin ga. Nuna min masu saiwar."