Gawon Magaji

Lubabatu na tankaɗe a tsakar gida surukarta Rahina ta ce, a cikin hira, yau ne Iro masassaƙi zai sare babban gawon gona.

"Wane gawo?"

"Wanda ya mutu, Inna. Baban Rufaida ya ce kada ya faɗo wa yara. Tun hantsi suka tafi."

Lubabatu ta ajiye rariya. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa tana neman takalmin da ke ƙafarta.

Gawon bai mutu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a ƙasar Gazawa ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, sai ruwa ya ɗauke ya yi sabo. Amma Garzali, mijin Rahina, bai taɓa riƙe hauya ba. Shi ne ɗanta na fari, tun yaye aka kai shi Yamai wurin ƙanen ubansa. Can ya yi lakol, makarantar boko, can yake aikin buro, wato ofis. In ya zo gida da rani yake zuwa, ya tarar da itacen cike da ganye. Bana ne ya fara kawo iyalinsa da damina.

Mijinta, marigayi Magaji, shi ya raini gawon tun yana tsiro a jikin kututture, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kuma ya ɗora wa gidansa wata al'ada. Duk sa'ad da lokaci ya juya sai ya ɗaura amalanke, a ɗauki fura da tabarma a tafi gona, ba don aiki ba. Da kaka yara su ci magarya har haƙora su mutu. Da bazara a tsinci nunu a gindin ɗanya. Da rani kuwa, lokacin da ba inuwa ko'ina, ƙarƙashin gawo ake wuni, tumaki na rububin 'ya'yansa. Bayan rasuwarsa Lubabatu ba ta bari al'adar ta mutu ba.

Jiya ma sun je. Da kunnenta ta ji Garzali ya ɗaga kai ya ce, "Ashe wannan ya bushe." Ta ji, ta kawar da kai. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. Mutane suna kiran wannan kunyar ɗan fari, suna yabawa. Su yaba. Uwar da ta ji ɗanta ya yi kuskure ta yi shiru, sakaci ta yi.

"Kira shi a waya," ta ce wa Rahina.

Wayar ta yi ƙara a cikin ɗaki, inda ya bar ta.

Ba ta jira a kamo jaki ba. Ta ja mayafi ta bi hanyar gona, jiƙaƙƙen rairayi yana riƙe mata ƙafa, ganyen gero yana yankar hannunta. Tun daga gonar maƙwabci ta fara jin gatari. Ta ƙara sauri, ta yi tuntuɓe, ta bar takalmi guda a nan.

Ta tarar babban reshe ɗaya ya riga ya kwanta a kan gero. Iro ya koma kan gindi, ya buɗe fari tas a ɓangaren yamma. Garzali na tsaye a gefe, hannu a aljihu.

"Iro! Kai ma cewa ka yi ya mutu?"

Iro ya sauke gatari yana share gumi. "Ni dai aiki aka sa ni, Gwaggo."

"A gona aka yaye ka. Ka san ƙarya ne, turmi ka hango a jikinsa."

"Mai gona ya ce in sare. In ya ce in bari, sai in bari."

Garzali bai dube ta ba, don shi ma haka aka koya masa. Ya ce wa Iro a hankali, "Ci gaba. Don na Baba ne take jin zafi. Amma ya bushe, haɗari ne."

Iro ya tofa miyau a tafi ya ɗaga gatari. Lubabatu ta waiwaya. Ba Rahina, ba jika, ba wanda za ta aika da magana.

"Garzali."

Ya juyo kamar an mare shi.

"Zo nan. Sa hannunka cikin saran."

Ya zo, ya sa. Ya fito da yatsu a jiƙe, suna danƙo.

"Busasshen itace yana jiƙa hannu? Barci yake yi. Da damina haka yake, tun ba a haife ka ba. Jiya ya kamata in faɗa maka, ban faɗa ba."

Garzali ya kalli yatsunsa. Sannan ya ce wa Iro ya ɗauki gatarinsa ya tafi, reshen ma a nan zai bar shi.

"Zai rayu, Inna?"

"Ban sani ba. Saran ya yi zurfi."

Suka kwaɓa laka suka toshe wurin, ita da shi.

Hutu ya ƙare suka koma Yamai. Lubabatu ta bi ta hana kanta sakat. Kullum sai ta je gona ta tsaya tana ɗaga kai har wuya ya yi mata ciwo. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, gawunan maƙwabta duk suka yi kore, nata shiru. Sai wata Laraba ta hango ɗan kore-kore a rassan gabas. Na yamma ba su yi ba, kuma ba su sake yi ba har yau.

Ta dawo gida ta karɓi wayar maƙwabciya, ta ce a latsa mata lambar. Ba ta miƙa wa kowa ba.

"Garzali, ni ce. Rabin gawon ya tashi. Ka kawo yara da rani, inuwar za ta ishe mu in mun matsa."