Wankin Duwatsu

Innarmu mace ce da ba ta iya ganin datti ta kau da kai. Ko ruwa baƙo ya sha, kafin ya dire kofi ta miƙa hannu. Sai ga shi Allah ya ba ta ɗa mai kwaso duwatsu daga ramin kwal yana jibge mata a gida, har da kafa doka cewa tsintsiya ba ta shiga ɗakinsa.

Yayana ke nan. Malami ne a jami'a, fannin ƙasa da duwatsu, amma a unguwa Mai Duwatsu kawai ake ce masa. Ni ce auta, tela ce, kekena yana baranda dab da tagarsa, don haka na sha lacca kyauta har ta ishe ni. Ya ce wurin da ake haƙar kwal a bayan gari, da can fadama ce mai duhun itatuwa, tun kafin a yi mutum a doron ƙasa. Itatuwa su faɗi su nutse su danne juna, ambaliya ta shimfiɗa musu laka, kogi ya kawo yashi ya rufe, wani dajin ya sake tsirowa a kai. Shi ya sa bangon ramin yake hawa-hawa. Yashin ya zama dutse mai kaushi, itatuwan suka zama kwal, lakar kuma ta zama dutse mai ruwan toka da ke ɓarewa falle-falle. Kamfani kwal yake so. Yaya kuwa lakar da katafila ke turewa gefe yake bi yana tsinta, don a cikinta ganyayen suke.

Ranar da ya fara nuna min ɗaya, ni dai baƙi-baƙi na gani, kamar an goga gindin tukunya a jikin allo. Sai da ya karkata shi wajen taga na ga ganye, da jijiyoyinsa da komai.

"Wa ya zana?" na tambaye shi.

"Ba zane ba ne, Auta. Ganyen ne da kansa. Nauyin ƙasa ya matse shi ya koma gawayi, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Kika goge shi, ya tafi ke nan."

A cikin duwatsun akwai na musamman, mai siffar dutsen guga, wanda yake zaune shi kaɗai a kan tebur bisa auduga. Ni na ɗinka wa dutsen 'yar katifarsa. Yaya ya ce masana sun daɗe suna tsintar wani irin ganye daban, suna tsintar wata ƙwaya daban, ba wanda ya san ko bishiya ɗaya ta haife su. A wannan dutsen, ga ƙwayar nan maƙale a jikin reshen ganyen. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙarar yana neman wannan. Bai yarda ya ajiye shi a ma'ajiyar jami'a ba saboda rufinta yana yoyo, ya ce gida ya fi aminci.

Inna ba ta taɓa zama ta ji wannan bayani ba. Da ya fara sai ta ce, "Ka ga, ni kaina ba ya ɗaukan tatsuniya da rana tsaka." A ganinta wasan ƙasa ne irin na yara, sai dai shi an ba shi albashi a kai. Ga idonta ya yi rauni, tana da tabarau amma ba ta sawa, wai yana mayar da ita tsohuwa. Shekarunta kuwa kar ku tambaya, ko ni ban isa ba.

Da damina bangon ramin ya zabtaro masa. Ma'aikata ne suka tono shi. Haƙarƙari ya karye ya huda huhu, hannun hagu kuma ya daina motsi daga gwiwa zuwa ƙasa. Wayarsa da kyamararsa, da duk hotunan da ke cikinsu, suna can ƙarƙashin ƙasa. Kamfani ya rufe wannan ɓangaren, ya janye injinan zuƙar ruwa, kafin Yaya ya iya tashi zaune wurin ya zama tafki.

Ni na yi jinyarsa. Gwiwoyin Inna ba sa hawa benen asibiti, ga hawan jini, don haka ranar da ta matsa aka kawo ta sai da aka tallabe ta har sama. A gabanta likita ya ce, "Mama, huhun nan ba ya son ƙura ko kaɗan. Ɗakin da zai kwanta a gyara shi tas kafin ya dawo." Na ga yadda ta gyaɗa kai tana maimaita maganar a leɓenta. Tun da abin ya faru ba a ba ta aikin komai ba sai kuka, yau ga aiki ya samu.

Ana gobe sallama na zo gida ɗaukar masa kaya. Tun daga ƙofa na ga ruwan toka-toka yana bin kwata. Na shiga na tarar da tsakar gida cike da duwatsu, an jera su a kan buhuna suna shan rana, layi-layi gwanin sha'awa. Inna tana kan kujera 'yar tsuguno, baho a gabanta, soson ƙarfe a hannu.

"Auta, kin zo a daidai, wannan ne na ƙarshe," ta ce. "Baƙin nan taurin kai gare shi. Sai da na jiƙa su da garin sabulu suka kwana, sannan ya yarda ya fita. Wannan dattin yaron nan yake shaƙa shekara da shekaru, ina huhu zai yi ƙwari?"

Na bi layin da ido har na gano mai siffar dutsen guga. Na ɗauka, na karkata shi ta kowane gefe. Sumul yake, ko ɗigo babu. Ruwan ya jiƙa lakar, soso ya kankare har gurbin da ganyen ya kwanta. Zuciyata ta tafasa, na buɗe baki zan yi ihun da unguwa za ta ji. Sai na ga hannuwanta. Sabulu ya cinye mata fata, yatsun sun tsattsage, ta ɗaure babban yatsa da tsumma. Mace mai ciwon gwiwa ita kaɗai ta yi ta jido duwatsun nan daga ɗaki. Na haɗiye ihun, na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukana.

A asibiti kuwa Yaya ba shi da zance sai na dutsen. "Hannu ɗaya ya isa rubutu," yake cewa. "Ina komawa zan sa shi a madubin bincike, in rubuta abin da na gani, in aika. Ramin ya tafi, amma ya bar min abin da ya fi." Ban iya bari ya shiga gida da wannan murnar ba. A cikin tasi na gaya masa, ban ɓoye komai ba.

Ya juyo ya dube ni.

"Har da na kan tebur?"

"Har da shi, Yaya."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa, bai share ba. Muna dab da kwanar gida ya ce, "Ta san abin da ta yi?"

"Ba ta sani ba."

"To kar ta sani. Kin ji ni? Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba."

Inna ta tare shi a ƙofa, ta ja shi har ɗaki don ya gani. Ta mayar da duwatsun kan kantar da ya saba jera su, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ɗakin sai ƙamshin sabulu yake. Yaya ya tsaya yana kallon aikin rayuwarsa.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce. "Allah ya saka da alheri. Kin sha wahala."

"Wace wahala? Ɗa guda nake da shi mai duwatsu."

Haka muka zauna da abin, ni da shi. Abokan aikinsa in sun zo dubiya a waje yake tare su, ni kuma in tsaya gadi kar wani ya yi suɓul da baka. Ciwon ƙirji ya warke, amma mutumin ya ƙi dawowa. Ya daina lacca ta taga. Ni da nake cewa ya ishe ni, sai na koma ina taka keke a hankali ko zan ji ya kira ni. Wuni yake yi a kwance, fuskarsa na kallon bango, ya juya wa kantar baya. Abinci sai an yi da gaske. Ya rame har agogo yana zamewa daga hannunsa.

Inna tana lura, uwa ce. Sai dai ta ɗauka hannun ne. "Aikinsa yake kewa," ta ce min. "Mai sana'a in ya zauna ruɓewa yake." Na ce a bar shi ya huta. Ta ce in yi mata shiru, ita ta haife shi.

Wata safiya na ji tana jan abu a ƙasa tana nishi. Wani curin dutse ne da ke bayan ƙofar ɗakinsa, wanda bai kai ga fasawa ba kafin hatsarin. Shi ma ta wanke shi, amma bayansa kawai ruwa ya taɓa. Ta jawo shi har tsakar gida, ta ɗauko guduma da kurfi, ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Taso ka fasa wannan."

"Inna, aikin hannu biyu ne. Ɗaya ya riƙe kurfi, ɗaya ya buga."

"To ni mene ne amfanina? Ga hannun hagu nan har biyu. Taso, kar in saɓa maka."

Na ce ni zan riƙe masa. Ta ce in koma kan ɗinkin mutane. Yaya ya kalle ni, na kalle shi. Yawancin irin waɗannan duwatsun in an fasa ba a samun komai, shi ya sha gaya min. Ina jin da wannan ya dogara. Ko kuwa dai hannunsa ne ya yi ƙaiƙayin guduma, ban sani ba. Ya fito ya zauna a ƙasa.

"Sai kin sa tabarau," ya ce. "Ba zan buga guduma kusa da yatsun da mai su ba ta gani ba."

Ta yi mita, amma ta aiko ni na ɗauko. Ya nuna mata siririn layin da ke gefen dutsen, inda wani falle ya kwanta a kan wani, ta kafa bakin kurfin a wurin. Ya fara bugawa a hankali, ta matsa gaba, ya buga, suna zagaya dutsen. Tana ta tsokanarsa wai bugun nasa kamar na mai jin yunwa. Har dariya ya yi, ta farko tun dawowarsa. Na tsayar da keke ina kallonsu, raina ya yi sanyi.

Sai sautin ya canza, dutsen ya buɗe gida biyu.

Reshe ne guda cikakke, ganyaye a jere dama da hagu, baƙi wuluk yana sheƙi a rana. Yaya ya ja numfashi ya sunkuya. Inna ta ɗauki ɓarin da ke gabanta ta ɗora a cinya.

"Kai, har cikinsa dattin ya shiga," ta ce. Ta lashi babban yatsa ta kai.

"Inna, kar ki goge! Shi ne ganyen!"

Maganar ta riga ta fita. Na ga ya kai hannu bakinsa kamar zai mayar da ita.

Yatsan Inna ya tsaya a sama. Ta sunkuyar da kai, ta gyara tabarau da bayan hannu, ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Na ga idonta yana bin reshen daga tushe, ganye bayan ganye, har ƙarshe. Sannan ta ɗago a hankali ta kalli ƙofar ɗakinsa da ke buɗe, inda kantar take cike da duwatsu fes.

"Waɗancan ma haka suke?"

"A'a, Inna, waɗancan ba wasu na kirki ba ne. Tarkace ne kawai, dama zubarwa zan..."

"Na kan audugar fa? Wanda aka yi wa katifa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ta juyo ta dube ni, na kau da ido.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna ƙiƙam, dutsen a cinyarta, ta ɗaga hannuwanta biyu sama da shi, ta rasa inda za ta ajiye su. Yaya ya matso yana cewa, "Inna, dube ni. Wallahi ba komai. Inna." Ba ta dube shi ba.

"Auta," ta ce, muryarta can ƙasa. "Zo ki ɗauke wannan daga jikina. Tsoron hannuna nake ji."