Muryar Inno Ba ta Taro Ba Ce

A shekarun da arzikin mai ya fara leƙowa ƙasar Katsina, kowa da irin haukarsa. Wasu babur suka saya, wasu suka yi wa ɗaki rufin kwano. Salmanu kuwa ya sayar da gyaɗarsa ya dawo daga birni da rakoda. Mutanen ƙauyensu, can kan hanyar Ruma, suka ce ya zubar da guminsa a kan akwatin kiɗa. Ko kallonsu bai yi ba, don ya san abin da ya taka.

Ba a jima ba aka gane. Samari sun watse Ikko da Fatakwal neman aiki, iyaye ba su iya rubutu ba, mai rubuta wasiƙa kuwa sai ya sha sirrinka kaf kafin ya rubuta rabinsa. Sai Salmanu ya ɗaure rakodarsa a bayan keke yana cin kasuwannin Batsari da Safana da Tsaskiya. Ya kafa 'yar rumfar zana, ka shiga, ya danna maka jan maɓalli, ya fita, ka amayar da abin da ke ranka. In ka gama ya rubuta sunan mai karɓa a jikin kaset, ya damƙa wa Haliru direban tanka. Doka ɗaya gare shi, kuma yana faɗinta da ƙarfi: abin da aka faɗa a rumfar nan na mutum biyu ne, mai faɗa da wanda aka faɗa wa. Shi kansa ba na ukunsu ba ne.

Wata ranar kasuwar Safana, Inno Saude ta gama sayar da nononta, ta zo ta tsaya nesa da rumfar tana ta gyara faifan ƙwarya. Salmanu ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi gida da garke da gajiyar hanya. Can da ƙyar ta ce tana da saƙo zuwa ga wancan na Fatakwal.

Wancan ɗin shi ne Uwaisu, ɗanta na fari. To, kowa ya san Bafulatana da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. Ranar da zai tafi Kurmi, Inno tana tsugune gindin nagge tana tatsa, ko kai ba ta ɗaga ba, matan ruga suka yi ta yabon kunyarta. Da wannan yabon take shiga taro kanta a sama.

Salmanu ya danna mata maɓalli ya fito. Amma zana ba bango ba ce. Bai yi nisa ba ya ji muryarta.

“Uwaisu. Uwaisuna.”

Salmanu bai waiwaya ba. Ya ƙara sauri, ya kore masu leƙe, ya je wajen mai tsire ya tsaya yana jan hirar da ba ta dame shi ba. Kalmar nan da ya ji ma ya so a ce bai ji ba. Tausayin matar ya kama shi, wallahi, don ya gane shekara da shekaru take riƙe da sunan nan a baki.

Tankar Haliru ba ta zo ba ran nan, kaset ya kwana biyu a aljihun Salmanu. Kafin ta zo, zance ya riga ya isa ruga. An ga Inno ta shiga rumfar rakoda, an ga ta daɗe, an ga ta fito tana share ido. Daudu, ƙanen marigayi mijinta, wanda shanun gadon Uwaisu ke hannunsa, ya tashi kamar an watsa masa wuta. Ya ce ai ƙararsa ta kai wajen Uwaisu, ta ce yana cinye dukiyar maraya, ta kira yaro ya zo ya raba garke. Ya garzaya wajen mai gari ya rantse sai an kunna abin nan kowa ya ji.

Aka kirawo Salmanu da rakodarsa, aka taru da hantsi a ƙofar mai gari, Fulani da Haɓe, har da waɗanda ba abin da ya kawo su sai son jin gulma. Inno na can baya cikin mata, ta ja mayafi har haɓa. Mai gari ya tambaye ta me ta faɗa. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. To me za ta ce, jama'a? In ta ce ba zancen shanu ba ne, za a ce to zancen mene ne, amsar kuwa ita ce abin kunyar. Daudu ya juya yana kallon mutane, wai sun dai ga ta kasa magana.

Mai gari ba azzalumi ba ne, so yake ya kashe wutar kafin ta ci zumunta. Ya ce Salmanu ya kunna a huta. Nan wata tsohuwa ta matso ta ce Inno ta ce a goge kawai.

Salmanu ya auna. In ya kunna, gobe 'yan mata na kwaikwayon muryar Inno a bakin rijiya, kuma ta daina cin kasuwa ke nan har ta mutu. In ya goge, Daudu zai ce an ɓatar da shaida, Uwaisu kuma ba zai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba. Ba ta yin irin wannan ƙarfin hali sau biyu. Sai ya kwance rakodar daga keke, ya ajiye ta a kan buzun mai gari, ya durƙusa.

“Ranka shi daɗe, akwatin nawa ne, ga shi, a yi yadda aka ga dama da shi. Muryar da ke aljihuna kuwa ba tawa ba ce balle in ba da. Amana aka ba ni zuwa kunne ɗaya. In ana son sanin abin da ke ciki, a tambayi mai kunnen.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Mai gari ya ɓata rai, don ba a saba mayar masa da magana ba. Ya ce tunda taurin kai Salmanu ya zaɓa, rakoda ta zauna a zaure sai gaskiya ta fito. Bai dai sa a laluba aljihunsa ba, a nan kam a yaba masa.

Salmanu ya tura kekensa fayau ya tafi Safana, ya ba Haliru kaset hannu da hannu, ya ce ya gaya wa Uwaisu duk yadda aka yi. Daga nan ya koma gona. Damina ce, ya yi ta noman gero, masu wucewa na tsokanarsa wai mai rakoda yau wace waƙa fartanya ke yi. Yakan yi dariya ya ce su dai bari tanka ta dawo. Ko sau ɗaya bai je roƙon kayansa ba.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da Haliru ya dawo da amsa. Kaset ɗaya ne, an rubuta mai gari a gefe guda, ɗaya gefen kuma Inno. Aka fito da rakoda daga zaure, aka yi ta jujjuya ta, ba wanda ya san inda ake taɓawa. Dole aka aika gona a kira mai ita. Ya zo da sababbin batura a aljihu, da ma ya tanade su.

Muryar Uwaisu ta cika ƙofar gidan. Ya gaida mai gari, ya gaida Baffa Daudu, ya bi dattawan ruga ɗaya-ɗaya har mutane suka fara gyara zama. Sannan ya ce saƙon da ya samu babu saniya a ciki, babu sunan Baffa, kuma shanu su ci gaba da zama inda suke, shi bai da ƙorafi. Abin da aka faɗa masa kuwa nasa ne, ba zai maimaita wa kowa ba.

Daudu ya yi ta susar ƙeya. Amma son ji bai bar shi ba, ya ce to a juya ɗaya gefen mana. Mai gari ya dube shi sama da ƙasa.

“Daudu, wancan gefen da sunanka aka rubuta?”

Ya tura wa Salmanu rakodarsa, ya ce a watse.

Ranar kasuwa Inno ta zo, bayan ta sayar da nono. Salmanu ya sa mata gefenta, ya danna, ya fita da sauri, wannan karon har bakin masu tukwane ya kai. Ta daɗe a ciki. Da ta ɗaga zana ta leƙo, idanunta sun yi ja, amma fuskar nan a ɗaure tamau. Ya zo ya rusuna ya ce Inno an gama?

“Wancan ɗin surutu ya koyo a Kurmi,” ta ce, tana kallon gefe.

Ya ce haka ne, Inno. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta gyara faifai, ta sake gyarawa, ba ta tafi ba.

“Ɗan nan, abin naka yana komawa farko?”

Salmanu ya nuna mata inda za ta danna da kanta, ya saki zana, ya koma wajen masu tukwane.