Akwatin Ko-ta-kwana

Wani mai walda ya yi wata guda yana shirin zuwa baje koli. Kujerun ƙarfe masu naɗewa yake ƙerawa, kuma ya riga ya yanke: in bai samu babban mai saye a kwana ukun baje kolin ba, zai rufe shago ya koma aiki a ƙarƙashin yayansa, mutumin da har gobe "ɗan auta" yake ce masa a gaban kowa.

Sai ya samo akwatin katako ya ɗura masa ƙwan fitila shida, waya, filaya, igiya, gam, maganin ciwon kai, har da laima biyu, alhali a cikin zaure mai rufi za a yi abin. Da aka gama lodi a mota, akwatin bai samu wuri ba sai kujerar gaba, wurin zaman matarsa. Ita ce kuwa mai bakin ciniki. Shi in ya ga baƙo, takalminsa yake kallo.

"Ni ko akwatin?" in ji ta.

"Haba, ke ai ba kya gyara wuta."

Ta sauka ta koma cikin gida.

Wallahi duk masifar da ya hango sai da ta faru, sai dai ba a rumfarsa ba. Teburin mai turare ya karye, mai walda ya tafi da guduma ya gyara. Allon mai takalma ya faɗo, ya tafi da igiya. Mai kujerun roba da ke kallonsa, wutarsa ta mutu sau uku, sau uku yana tashinta. Kafin rana ta biyu duk zauren ya san lambar rumfarsa. Daɗi ya kama shi ba kaɗan ba, don tun da yake ba a taɓa nemansa haka ba.

Ranar ƙarshe ya dawo da filaya a hannu, ya tarar da takarda a kan kujerarsa. Wata shugabar makaranta ce ta rubuta. Kujeru ɗari uku take nema, nasa sun fi kwanta mata, ta zo sau uku ba kowa. Ta saya a rumfar da ke kallonsa, mai haske sosai ɗin nan.

A gida matarsa ta karanta takardar a tsaye, ta ninke, ta miƙa masa.

"Yaya ya aiko," ta ce. "Litinin da safe. Wai ka taho da akwatin, fitilar shagonsa tana wasa."