Takalman da Suka Ƙi Cinyewa

Waliyyi Filotiyos, bishop ɗin wani tsibiri tun zamanin da ake jefa wa zakuna Kiristoci, ya daɗe da mutuwa, amma har yau bai iya zama wuri ɗaya ba. Gawarsa na kwance cikin akwatin azurfa a majami'a, shi kuwa yana can yana zaga teku, yana tsamo masunta daga bakin halaka. Shaidar ita ce takalmansa. Duk shekara ranar idinsa akan tarar sun cinye, a yayyanka a raba wa jama'a don tabarraki, a sa masa sababbi.

Lambros baduku ke ɗinka su, gadon gidansu ne, kuma ba ya barin kowa ya manta. Da 'yarsa ta tashi daga wani zazzaɓi bayan an cire rai da ita, sai ya rantse zai yi wa waliyyi takalmin da ba a taɓa gani ba. Ya samo fatar bijimi, ya ninka ƙasan, ya yi ɗinki kan ɗinki har yatsunsa suka fashe.

Shekara ta zagayo. Fada Timoteyo, limamin majami'ar, ya buɗe akwati, ya zare takalman, ya ɗaga su sama. Ƙal suke, ko ƙwarzane babu. Lambros ya gyara tsayuwa yana jiran yabo.

"Wayyo, ya daina fita!" in ji tsohuwa Fotini, wadda 'ya'yanta duk masunta ne. "Ya yi fushi da mu!"

"Fushin me, Iya? Aiki ne ya yi kyau!" in ji Lambros.

"Rufe mana baki! Ka ɗaure wa tsoho ƙafa da wannan kofato, ina zai iya tafiya?"

"Fada, yi musu bayani mana."

Fada ya jujjuya takalmin. "Ɗana, ni yanzu me zan raba? Ko wuƙa ba ta shiga."

Aka miƙa aikin ga wani baduku, Gerasimos, wanda takalminsa ba ya kai mutum kasuwa ya dawo da shi. Masu saye ma suka bi shi can, don wa zai sa ƙafa a takalmin da waliyyi ya ƙi? Baƙin ciki ya kusa kashe Lambros.

A idin da ya biyo, aka zaro takalma kaca-kaca, ƙasa ta huje, ɗinki ya warware. Aka kaɗa ƙararrawa, Fotini na kukan murna. Lambros ya shiga layi a can baya, aka sa masa ɗan guntun takalmin a tafin hannu. Fatar tunkiya ce, ba a ko jeme ta da kyau ba.

"Maigida, ka ga irin yawon da tsohon ya sha a nawa?" in ji Gerasimos.

Lambros ya sumbaci fatar, ya cusa ta cikin riga daidai ƙirjinsa, don gobe zai hau jirgin ruwa ya tafi neman aiki, kuma bai iya iyo ba.