Gilashin Baba Rabi'u

"Rufe ƙofar nan, Mufida," in ji Inna Hawwa'u, tun ban cire takalmi ba.

Na rufe. Mijinta Baba Rabi'u, maƙwabcinmu, yana zaune a gindin darbejiya da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Ya warware shi a hankali. Gilashi ne mai kauri, an zana kurciya a sama, sunansa a ƙasa da ruwan zinare. Wata ƙungiya ce ta kira shi Sakkwato ta ba shi.

"Ke kinka yi jami'a, ɗiyata. Mi sunka rubuta?"

Na durƙusa na karanta Turancin, na fassara masa. "Sun ce lambar yabo ce, Baba, saboda sulhu da zaman lafiya."

"Ba su sa gwamnati ba? Ba soja?"

"Babu."

"To." Ya shafa gemu. "Su can daji, wa za ya karanta musu?"

Baba Rabi'u ya yi aikin allurar shanu har ya yi ritaya, ya san kowace ruga daga Dingyaɗi zuwa bayan Shagari. In shanu suka shiga gona, ko aka sari saniya, shi ake kira kafin a ɗauko makami. Da masu bindiga suka shigo dajin ma bai fasa zuwa ba. Dokarsa guda ce: ba ya karɓar komai daga hannun kowa, ko goro. Da gorar ruwansa yake tafiya, da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ba ya shan nono a ruga, ba ya shan fura a gidan manomi. Don haka kowane ɓangare yake saurarensa.

Yanzu ga hotonsa a kowace waya a Boɗinga, ya miƙa hannu biyu yana karɓa. A bayansa akwai wani mai kaki a tsaye. Mai gadin zauren taron ne kawai, amma hoton bai faɗi haka ba.

"Sunana anka kira a lasifika," ya ce, kamar ni na tambaye shi. "In yi zaune in kunyata mutane?"

Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Lami mai ƙosai ta leƙo tana guɗa. "Sarkin sulhu! An zama manya. Ina namu kason?"

"Gilashi na, Lami. Ko kaskonki ya hi shi amfani."

Kowa ya yi dariya, ban da Inna Hawwa'u. Da muka keɓe a madafa ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce wata baƙuwar lamba tana kiransa. Da farko shiru ake yi. Jiya aka yi magana: "Mun ga ka koyi karɓa."

"Wane ne, Inna?"

"In mun sani ai da sauƙi."

Ranar da zai tafi zaman sulhu kan wata mashayar shanu a bayan Shagari, ina shara a ƙofar gida na ji su. Inna Hawwa'u ta riƙe kan babur ɗinsa da hannu biyu.

"Malam, don Allah ka bari ƙura ta lafa."

"In ban tahi ba, sun ce gaskiya na. Bari su ga gilashin, su taɓa shi, su san ba a cin shi."

Ya ɗaure gilashin a jaka tare da gorarsa. Na so in ce masa wani abu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ya ɗaga mini hannu bai waiwayo ba.

Da azahar wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Da la'asar a kashe take. Na zauna da Inna a tsakar gida. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai ta miƙe, in ya wuce ta koma ta zauna.

Da safe wani direban motar albasa ya kawo shi, a lulluɓe da buhu. A gefen hanya aka same shi, gindin wata tsamiya. Wasu suka ce masu bindiga ne. Wasu suka rage murya suka ce 'yan sa-kai. Har yau ba wanda ya faɗi suna.

Makiyaya sun zo jana'iza, manoma ma sun zo. A zaman makoki kowa ya shimfiɗa tabarmarsa a nasa gefen titi, suna kallon juna, babu mai tsallakawa. Wani tsoho mai sanda ya ajiye jakar Baba a bakin zaure, ya yi addu'a ya tafi. Gorar tana nan da sauran ruwa. Gilashin ko tsagewa bai yi ba.

Inna Hawwa'u ba ta rataye shi ba, ba ta kuma jefar ba. Da na shiga gaishe ta bayan an watse, na nufi randa zan sha ruwa, sai na ga gilashin a bakin randar maimakon faifai, a kife. Na ɗaga. Raɓar ruwa ta lulluɓe kurciyar da sunansa.

Wani babur ya rage gudu a waje. Inna ta ɗago kai. Na mayar da gilashin yadda na same shi, muka tsaya muna saurare.